Sabo Bakin Zuwo, ɗan siyasar birnin Kano

1. Birnin Kano

In mutum ya tashi daga Dakusa ya shigo Damagaram, ya ɗauki hanyar kudu, bayan tafiyar kilomita wajen 240 zai isa Kano. Ana bi ta Matamai da Daura, ana kuma bi ta Magarya da Ɓaɓura. Tun zamanin da, fatake suna bin waɗannan hanyoyi da raƙuma da jakuna. Suna kai kanwa da gishiri da fatu, suna komowa da tufafi da goro.

Kano babban birni ne mai ganuwa. A cikin ganuwa akwai dutsen Dala da kasuwar Kurmi da gidan sarki. Akwai unguwanni masu yawa, kowace da sunanta da mai unguwarta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Bakin Zuwo. Zuwo kuwa sunan wani itace ne.

Turawan Ingila sun ci Kano a shekara ta 1903. Ba su tuɓe sarauta ba. Sun bar mulki a hannun sarki da hakimai da dagatai da masu unguwa, su kuma suna sama suna ba da umurni. Wannan tsari shi ake kira En'e. En'e tana da alƙalai da 'yan doka da gidan kaso da baitulmali. Ita ke karɓar haraji da jangali. Talaka ba shi da bakin magana a gabanta.

2. Yaron unguwa

An haifi Aliyu Sabo a birnin Kano a shekara ta 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Da ya girma sai aka haɗa sunansa da na unguwarsu, ana ce masa Sabo Bakin Zuwo. Haka al'adar Kano take. Mutum yakan ɗauki sunan unguwarsu ko garinsu ya bi duniya da shi.

A lokacin ƙuruciyarsa yaran da ke shiga lakwal a Kano kaɗan ne. Yawancinsu 'ya'yan sarakai ne da na ma'aikatan En'e. Sabo bai shiga da wuri ba. Sai da ya kai shekara goma sha shida ya fara koyon boko, a ajin manya na yaƙi da jahilci a Shahuci. Daga nan ya shiga wata makaranta ta Ibo a Sabon Gari, bayan ganuwa. Daga baya kuma ya je Zariya ya yi wani kwas a kan aikin ƙaramar hukuma.

Karatunsa na boko ke nan. Bai yi zurfi ba, Ingilishinsa kuma bai goge ba har ƙarshen ransa. Amma yana da wani ilimi da ba a samunsa cikin aji. Ya san birni lungu-lungu. Ya san 'yan kasuwa da maɗinka da mahauta da 'yan dako. Ya san abin da ke sa su dariya da abin da ke ɓata musu rai. Ya kuma iya magana da Hausar da suke ji.

3. Jam'iyyar talakawa

Ran 8 ga watan Agusta 1950 wasu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar siyasa mai suna NEPU. Ba a daɗe ba Malam Aminu Kano, wanda malamin makaranta ne, ya bar aikinsa ya zama jagoranta. Manufar NEPU ita ce a rage ƙarfin En'e, a daina zaluntar talaka, a ba kowa damar zaɓen wanda zai mulke shi. Alamarta tauraro ce, kirarinta kuma Sawaba.

Abokiyar hamayyarta ita ce NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta Sardauna Ahmadu Bello. Alamarta fartanya ce. Sarakuna da manyan attajirai suna bayanta.

Shiga NEPU a wannan zamani ba wasa ba ne. Ana hana 'yan jam'iyyar izinin yin taro. Ana kai su gaban alƙali a kan ƙaramin dalili, a yi musu bulala ko a ɗaure su. Akwai wasu 'yan ta'adda da ake kira 'yan mahaukata, masu bin su da duka. Ko wajen zaɓe ma ba a bar su sun sake ba. A 1951 'yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, En'e kuma tana da ikon ƙara mutanenta a tsakiya. Kafin a kai matakin ƙarshe an zubar da 'yan NEPU duka.

Sabo ya shiga wannan jam'iyya tun yana saurayi, ya zama ɗaya daga cikin yaran Malam Aminu. A nan ya koyi siyasa. Bai koye ta a ofis ba, a titi ya koye ta.

Kalmar Sawaba ba ta tsaya a Nijeriya ba. A ƙasar Nijar ma jam'iyyar Djibo Bakary da wannan suna aka san ta, kuma ta yi ƙarfi a Damagaram da Maraɗi. Da aka hana ta a 1959, wasu daga cikin mutanenta sun gudu Kano, 'yan NEPU suka ba su masauki.

4. Yadda ake tara ƙuri'a a babban birni

A ƙauye kowa ya san kowa. A babban birni ba haka ba ne. Mutum ɗaya ba zai iya zagaya gidaje dubu ɗari ba. Saboda haka jam'iyya takan shimfiɗa kanta kamar taru. A kowace unguwa tana da shugaba da magatakarda. Tana da shugabar mata da shugaban samari. Su ne suke sayar da katin jam'iyya. Su ne suka san gidan da ke tare da su da gidan da ba ya yi da su.

Sama da waɗannan akwai manyan 'yan siyasa na birni. Aikinsu ba ya ƙarewa ranar zaɓe. Da safe zaurensu cike yake da mutane. Wannan an kama ɗansa, yana son a yi belinsa. Wannan matarsa ba ta da lafiya, ba shi da kuɗin magani. Wannan rumfa yake nema a kasuwa. Wancan aiki yake nema wa ƙanensa. Ɗan siyasa zai saurari kowa. In ya iya ya taimaka, in bai iya ba ya tura mutum wurin wanda zai iya. Ba ya rasa suna ko ɗaurin aure ko jana'iza.

Ranar zaɓe sai a biya shi. Wanda aka yi wa beli zai fito da gidansa duka. Shugabannin unguwa za su bi gida-gida suna fito da mutane. Mawaƙa da makaɗa sun riga sun sa sunan ɗan takara a bakin yara.

Wannan tsari yana da amfani. Talakan da ba ya iya shiga ofis yana samun wanda zai shiga dominsa. Amma yana da haɗari iri biyu. Na farko, yana cin kuɗi kullum, kuma dole kuɗin su fito daga wani wuri. Na biyu, yana tara samari marasa aiki da ake kira 'yan banga. An ɗauke su don su tsare taro, amma sau da yawa su ne suke tada faɗa.

Sabo Bakin Zuwo gwani ne a wannan aiki. Ƙarfinsa yana cikin unguwannin tsohon birni. In ya hau dandamali wajen lacca ba ya kawo kalmomi masu wuya. Yana ba da misali da abin da ke cikin kasuwa, yana ba mutane dariya, yana yi wa abokan hamayya ba'a. Ya kuma gane amfanin rediyo. Rediyo tana shiga har cikin ɗaki, wurin matan da ba su zuwa taro da tsofaffin da ba su iya karanta jarida.

5. Soja sun zo, soja sun tafi

Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, wata biyu bayan Nijar. NPC ce ta riƙe mulkin Arewa, NEPU tana hamayya. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka yi juyin mulki. Aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka rushe jam'iyyu duka. A 1967 aka raba ƙasa jiha goma sha biyu, Kano ta zama jiha mai kanta. A wannan lokaci jihar Kano ta haɗa har da Gumel da Haɗeja da Kazaure, iyakarta ta arewa kuma tana manne da ƙasar Damagaram.

Shekara goma sha biyu ba jam'iyya. Amma mutanen NEPU ba su watse ba. Suna haɗuwa wajen suna da biki, suna zuwa gaida Malam Aminu a gidansa na Gwammaja. Tarun yana nan, an dai naɗe shi ne an ajiye.

A watan Satumba 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe fagen siyasa. Aka yi wa jam'iyyu biyar rajista. Ta Malam Aminu ita ce PRP. Alamarta mabuɗi ce, kirarinta Nasara. Tsofaffin 'yan NEPU suka shigo ta, tare da samari masu ilimin jami'a.

Wannan karo an sami wani babban canji. A zamanin NEPU matan Arewa ba su jefa ƙuri'a. Yanzu an ba su dama. Masu zaɓe suka ƙaru ƙwarai, jam'iyyar da ta iya shiga cikin gidaje kuma ita ce ta ci riba.

6. A majalisar dattawa

An yi zaɓe a 1979. PRP ta share jihar Kano. Ta ci kujerar gwamna, wadda Muhammadu Abubakar Rimi ya hau. Ta ci kujerun sanata biyar na jihar gaba ɗaya. Ta kuma ci gwamnan Kaduna, Balarabe Musa. Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN shi ya zama shugaban ƙasa, amma a Kano bai sami ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u ba.

Sabo Bakin Zuwo yana cikin sanatocin nan biyar. Shi ne wakilin Kano ta tsakiya, wato birni da kewayensa.

Majalisar dokokin Nijeriya hawa biyu ce. Akwai majalisar wakilai, akwai ta dattawa. A lokacin jihohi goma sha tara ne, kowace tana aika sanata biyar, jimla 95. Suna zama a Ikko, wadda ita ce babban birnin ƙasa a lokacin. Aikin sanata ya yi kama da na depite. Yana kawo ƙuduri, a karanta, a yi muhawara, a jefa ƙuri'a. In majalisu biyu sun yarda, shugaban ƙasa ya sa hannu, ƙuduri ya zama doka. Su ne kuma suke duba yadda gwamnati za ta kashe kuɗin ƙasa.

Da Ingilishi ake magana a wannan majalisa. Cikinta akwai lauyoyi da likitoci da malaman jami'a. Wasu sun zaci mutumin da ya fara karatu a ajin yaƙi da jahilci zai zauna shiru a baya. Ba haka aka yi ba. Sabo yana tashi yana magana ba tare da jin kunya ba. Ya shiga cikin sanatocin da suka fi kawo ƙudurori. 'Yan jarida suna yi wa Ingilishinsa dariya, mutane suna ƙirƙiro labarai iri-iri a kansa. Wannan bai rage shi da kome ba a gida. Mutanen birni gani suke yi nasu ne ya je Ikko, bai kuma sake hali ba.

7. Santsi da Taɓo

Da Rimi ya hau mulki, ya soke haraji da jangali a jihar Kano. Wannan shi ne abin da NEPU ta daɗe tana nema. Talakawa suka yi murna. Amma ba a yi shekara ba rigima ta ɓarke cikin PRP.

Ga asalin rigimar. Rimi da Balarabe Musa suna zuwa taro da gwamnonin wasu jam'iyyu masu hamayya da Shagari. Shugabannin PRP suka hana su. Gwamnonin suka ƙi hanuwa. Su kuma suna zargin wasu na kusa da Malam Aminu da neman shiri da NPN. A 1980 jam'iyya ta rabe biyu. Mutanen Kano suka raɗa wa kowane ɓangare suna. Waɗanda suka bi gwamna aka ce musu 'yan Santsi, wai sun zame. Waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu aka ce musu 'yan Taɓo, wai sun kafe ba su motsi.

Sabo Bakin Zuwo ɗan Taɓo ne, yana kuma cikin manyansu. Rimi yana da gidan gwamnati da kuɗin jiha da gidan rediyon jiha. Yana da ilimi, ya iya magana ƙwarai. 'Yan Taɓo kuwa abin da suke da shi biyu ne: sunan Malam Aminu da mutanen unguwanni. Rabuwar ta shiga har cikin gidaje. Wa da ƙane suka daina gaisawa, 'yan banga suna ta arangama.

Rimi ya kuma shiga takun saƙa da Sarkin Kano Ado Bayero. Ya ɗaga wasu garuruwa irin su Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse, ya ba su sarakuna masu cin gashin kansu, ƙasar sarkin Kano ta ragu. A watan Yuli 1981 gwamnati ta aika wa sarki takardar tuhuma. Ran 10 ga wannan wata tarzoma ta tashi. Aka ƙone gine-ginen gwamnati da gidan rediyo. Aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Daga wannan rana mutane da yawa na cikin birni suka juya wa Rimi baya.

8. Zaɓen 1983

Hukumar zaɓe ta ce ɓangaren Malam Aminu shi ne PRP ta gaskiya. Rimi ya rasa jam'iyyar da zai tsaya a cikinta. Sai ya sauka daga kujerar gwamna, ya koma jam'iyyar NPP don ya sake takara. Mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa sauran watannin.

Ran 17 ga Afrilu 1983 Malam Aminu Kano ya rasu. Birni ya girgiza. Jama'ar da ta raka gawarsa ba ta ƙirguwa. Saura wata huɗu a yi zaɓe, PRP ta rasa ubanta.

Sabo Bakin Zuwo shi ne ɗan takararta na gwamna. Masu ilimi da yawa sun ɗauka Rimi zai kada shi. Rimi ya yi ayyuka, ya buɗe makarantun yaƙi da jahilci, ya kai wuta da ruwa ƙauyuka. Amma Sabo ya san inda ƙuri'a take. Ya nuna wa mutane cewa shi ne bai bar Malam ba har ranar mutuwarsa. Masu jin haushin abin da aka yi wa sarki su ma suka mara masa baya. A watan Agusta aka jefa ƙuri'a, Sabo ya ci. Ran 1 ga Oktoba 1983 aka rantsar da shi gwamnan jihar Kano.

9. Wata uku a gidan gwamnati

Cikin ayyukansa na farko ya soke sababbin masarautun da Rimi ya kafa, ya mayar da ƙasarsu ƙarƙashin sarkin Kano. Abin yana da ban mamaki. Mutumin da ya tashi cikin jam'iyyar da ta yi faɗa da ikon sarakuna, shi ne ya mayar wa sarki da ƙasarsa. Amma abin da mutanen birni suke so ke nan, su ne kuwa suka zaɓe shi. Wannan magana ba ta mutu ba. A 2019 wata gwamnati ta sake raba masarautar Kano, a 2024 wata ta soke dokar.

Aikinsa na biyu da ake tunawa shi ne na gidan silima. Akwai wani gidan silima mai suna Palace a cikin birni, wajen Jakara, kusa da kasuwar Kurmi. Tun da aka gina shi malamai da dattawa suke ƙorafi a kansa. Sabo ya rufe shi, ya mayar da shi asibiti. Mutanen unguwannin nan suka sami wurin magani kusa da gida.

Bai sami lokacin yin wani abu mai yawa ba. Ƙasa tana cikin wahala. Kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, abinci ya yi tsada, ma'aikata suna yin watanni ba albashi a jihohi da dama. Ana ta kuka da maguɗin zaɓe da satar dukiyar jama'a. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin Shagari. Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Mulkin Sabo ya ƙare bayan wata uku cif.

10. Kuɗi a cikin gida

Soja suka kama gwamnoni da ministoci, suka shiga binciken gidajensu. Da suka binciki gidan Sabo Bakin Zuwo, suka ba da sanarwa cewa sun sami tsabar kuɗi naira miliyan 3 da dubu 400. A wannan lokaci naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Labari ya bazu ko'ina cikin ƙasa.

Ana ba da labari cewa ya kare kansa da hujjar cewa kuɗin na gwamnati ne, shi kuwa gwamna ne, don haka ba laifi a same su wurinsa. Magoya bayansa suna cewa ba don kansa ya ajiye ba, mutum ne mai kyauta, kullum ƙofarsa cike take da mabukata.

Amma doka ba ta karɓi wannan ba, kuma tana da dalili. Kuɗin jama'a wurinsu baitulmali ne ko banki. Majalisa ce take yanka yadda za a kashe su. Kowane kwabo da ya fita sai an rubuta wanda ya karɓa da abin da aka yi da shi, domin wani ya iya zuwa daga baya ya duba. In kuɗi suna cikin ɗakin mutum ɗaya, ba mai iya dubawa. Ko da rabawa yake yi, zai ba wanda ya san hanyar zaurensa ne kawai. Manomin da ke can ƙauye kusa da iyaka, wanda shi ma yana da haƙƙi a ciki, ba zai ga kome ba.

Aka kai shi gaban kotun soja. Ta same shi da laifi, shekarun ɗaurin da ta yanke masa kuma sun kai 300. Abokin hamayyarsa Abubakar Rimi shi ma kotun soja ta ɗaure shi. Ɗan Santsi da ɗan Taɓo duka suka ƙare a gidan kaso.

Wannan juyin mulki ya taɓa mutanen Nijar su ma. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ta kuma canja takardun naira. A shekarar nan damina ba ta yi kyau ba. Hatsin da aka saba kawowa daga Kano ya yanke. Shi ya sa a wurare da yawa na Nijar aka raɗa wa yunwar wannan shekara sunan Buhari.

11. Ƙarshen rayuwarsa

A watan Agusta 1985 Janar Ibrahim Babangida ya ture Buhari. Gwamnatinsa ta sake duba shari'un 'yan siyasa, ta rage wa wasu, ta saki wasu. Sabo Bakin Zuwo ya fito ya koma Kano. Bai daɗe ba bayan fitowarsa. Ya rasu a watan Fabrairu 1989, yana da shekara 54. Aka binne shi a Kano.

Daga baya aka sa sunansa a wani babban titi na birnin, aka kuma sa shi a asibitin haihuwa na Jakara.

Mutanen da suka san zamaninsa ba su zama baki ɗaya a kansa ba. Wasu suna tuna yaron unguwa wanda ya fara koyon baƙaƙe yana da shekara goma sha shida, ya kai har majalisar dattawa da gidan gwamnati, bai kuma guji talaka ba. Wasu suna tuna 'yan banga da gabar da ta raba 'yan'uwa da kuɗin da aka samu cikin gida. Duka biyu sun faru, kuma daga tushe ɗaya suka fito. Zauren da ya tara masa jama'a shi ne ya riƙa neman kuɗi kullum.

Ma'anar wasu kalmomi

En'e: hukumar sarki a zamanin Turawan Ingila.
Jangali: kuɗin da ake biya a kan shanu.
Sanata: wakilin jama'a a majalisar dattawa.
Ƙuduri: shawarar doka da aka kawo majalisa kafin a yarda da ita.
Lacca: taron siyasa inda ake yi wa jama'a jawabi.
Baitulmali: wurin da hukuma take ajiye kuɗin jama'a.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Sabo Bakin Zuwo? Ina ya fara karatun boko?
2. Mene ne manufar jam'iyyar NEPU? Wace alaƙa ke tsakaninta da Sawaba ta Nijar?
3. Ku faɗi amfani ɗaya da haɗari biyu na yadda ake tara ƙuri'a a babban birni.
4. Me ya raba PRP gida biyu? Me ake nufi da Santsi da Taɓo?
5. Waɗanne ayyuka biyu Sabo ya yi a wata ukun da ya yi yana gwamna?
6. Don me doka ta hana shugaba ajiye kuɗin jama'a a gidansa?
7. In ajinku yana da asusu, wa ya kamata ya riƙe kuɗin, wa zai riƙe littafi, wa kuma zai riƙa dubawa? Ku tattauna, ku rubuta dokokinku a allo.
8. Ku tambayi wani tsoho a garinku abin da ya tuna na yunwar 1984. Ku rubuta abin da ya faɗa muku cikin layi goma.